A ordinatar Baba ya fara mutuwa

Babana bai san ranar haihuwarsa ba, kuma ba laifinsa ba ne. A Hamdara aka haife shi, shekarar da gyaɗa ta yi kyau, iyakar abin da kakata ta riƙe ke nan. Takardarsa ta ce "wajen shekara kaza", kamar ta kowa a tsararsa.

Tun yana ɗinkin fata a Birni yake kai ɗan abin da ya samu wani kes, wato asusun ajiya, saboda ranar ciwo. Ranar kuwa ta zo, likita ya ce sai an yi masa aiki. Na raka shi kes ɗin yana dogara sanda. Yarinyar da ke gishe, tagar biyan kuɗi, ta dubi ordinatar, wato kwamfuta, ta dube shi, ta ce, "Baba, mai wannan suna ai ya rasu."

Baba ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai da na tada jijiyar wuya kafin direktan ya fito. Ashe tsarin ordinatar suka canza, suka kwashe bayanan mutane a fishiye guda, kundin na'ura ke nan, suka juye cikin sabon. Shi sabon bai san "wajen" ba, sai rana da wata da shekara, kowanne a gurbinsa. Wani sarkin wayo ya ba tsofaffi duka ɗaya ga Janairu. Duk inda suna da ranar haihuwa suka zo daidai, na'ura ta dunƙule su mutum ɗaya. A Damagaram fa, inda in ka kira suna ɗaya a masallaci rabin sahu zai waiwayo! Aka haɗa Baba da wani takwaransa na Tirmini da ya riga mu gidan gaskiya, aka rufe ajiyar.

Na ce, "Ga shi tsaye gabanka!"

"Malam, ni ma ina ganinsa. Fishiye ne ba ya gani. Gyara sai daga babban ofis na Yamai."

Na yi ta zarya. Hoto, shaidu, har takardar cewa yana numfashi na kawo. Muka sayar da awaki, ba su isa kuɗin aikin ba. Ciwo bai jira Yamai ba.

Bayan sadakar bakwai na koma da takardar rasuwarsa. Har yau in na tuna raina tafasa yake. Direktan ya yi mini gaisuwa, ya dubi ordinatar, fuskarsa ta saki.

Ya ce, "To, ai yanzu ba sai an gyara komai ba."