Hoton Zuciyar Iya Kande

Mahaifiyata Iya Kande daddawa take yi a cikin garin Daura, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san warin gidanmu kafin ya san ƙofarsa. Allah sarki, yau warin nan nake nema ban samu ba. Mace ce mai baki, ba ta barin ta kwana, amma akwai sunan da bakinta bai taɓa kamawa ba: na Yaya Misbahu, ɗanta na fari. Kara ce irin ta mutan da. "Wancan" take ce masa. Ko tuwo za ta ba shi, ni take turawa.

Ranar da mota ta kaɗe shi yana dawowa daga kasuwar shanu ta Mai'aduwa, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ita ce ma ke ba masu gaisuwa haƙuri. Ranar sadakar uku ta dafe ƙirji ta zube a bakin murhu.

Muka kai ta Kano. Dakta Fadila ta ce abin ya yi kama da toshewar jijiyar zuciya, amma jijiyoyin lafiya lau. Aka cire mata 'yan kunne da awarwaro, aka tura ta cikin wani dogon inji mai maganaɗisu, yana ƙara kamar injin niƙa. Hoton ya fito kala-kala: ƙasan zuciyar ya buɗe kamar tulu, tsokar ta kumbura amma babu tabo.

"Iya, wani tashin hankali ya same ki kwanan nan?" in ji Dakta. "Sai na sani kafin in san maganin da zan ba ki."

"Babu komai, 'yar nan."

Kai, na ji kamar in fasa ihu! Matar nan za ta kashe kanta a kan kunya. Na ce, "Ɗanta ya rasu ran Lahadi."

Hararar da ta watsa mini, har gobe ina jin ta. Dakta ta ce baƙin ciki ne ya bugi zuciyar, kuma irin wannan yakan warke. Ya warke kuwa, ta ƙara shekara shida tana dafa kalwa.

Da aka sallame mu, muka kama hanyar gida har motarmu ta wuce Kazaure. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallonsa a juye.

"Haulatu, shekara arba'in da ɗaya ina ɓoye son wancan, ko ubansa bai gani ba. Ashe inji yana gani."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Direba ya kashe rediyo.