Takardar Ummi a Cikin Kwamfutar Baba

Har in bar duniya ba zan manta da ranar da na kai tsohuwar kwamfutar Babanmu wurin mai gyara a unguwar Aziziyya da ke Jidda ba.

Wata uku ke nan da rasuwarsa. Iƙamar Ummi mahaifiyata, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, ta kusa ƙarewa, sabon kafili kuma, wanda zai tsaya mata a wurin hukuma, ya ce sai an kawo asalin takardar haihuwarta ta nan Jidda. Muka birkice gidanmu na unguwar Sa'alaba kaf, akwatuna, ƙarƙashin katifu, har aljihunan rigunan marigayin. Babu ita. Ummi ta daina cin abincin kirki. Matar da ba ta taɓa taka Najeriya ba, sai ga ta tana tambayata ko muna da sauran dangi a Kano.

Ni dai na yi tunanin ko Baba ya ajiye hoton takardar a kwamfutarsa, mu samu ko da lambarta ce. Irin ta da ce, fara amma ta koma ruwan ƙwai, allonta mai ƙatuwar ƙeya kamar tsohuwar talabijin, akwatinta dogo mai nauyin tsiya. Muna yara ko taɓa ta ba ya bari mu yi. Na danna, ta ƙi tashi.

Mai gyaran dattijo ne, Bahaushe haifaffen Jidda. Ya shafa ta yana murmushi.

"Ƴata, waɗannan an ƙera su ne don a buɗe. Noti biyu, halas, an gama. Na yanzu kuwa liƙe su ake yi."

Ya zare murfin gefe, yana nuna min yadda rabin cikinta fili ne, an bar shi don iska da ƙarin kaya. Sai ya leƙa can ƙasa, ya nuna wani abu da yatsa.

"Wannan kam ba daga kamfani ta zo ba."

Ambulan ce cikin leda, an manne ta a ƙasan akwatin, nesa da fanka. A ciki ga takardar Ummi, ga ta aurensu, da namu na haihuwa duka. Na zauna kan wani kwali na ciro wayata. Da na kira Ummi ba ta iya cewa komai ba sai hamdala, tana kuka tana dariya.

An sabunta iƙamar. A satin na zaunar da mijina na nuna masa inda kowace takarda tawa take. Na koyi cewa duk abin da ka adana don iyalinka, ka faɗa wa ko mutum ɗaya wurinsa tun kana da rai.