Gyaɗar da na miƙa wa barewa

Wata biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma labarin akwai laifina a ciki. Ni ne wakilin iyaye da ya raka ƴan aji biyu na kwalejinmu zuwa wani gidan dabbobi a Zinder.

Takieta

Mun tashi daga garinmu Takieta ƙarfe shida saura kwata, yara goma sha bakwai da malaminsu Issa, wanda suke kira Mushe. A shingen jandarma na sake ƙirga su, karo na huɗu. Direba ya ce, "Baba, ko awaki ne ai sun san ka yanzu." Kilomita hamsin da ƴan kai ne, mun iso bakwai da rabi, muka karya da ƙosai.

Zinder

Mai kula da gidan, Malam Kiari, ya faɗi sharaɗin da suka yi da lekol, wato makarantarmu: ba a ba dabba komai. Wanda ya karya, an daina kawo yara. Mushe ya ce kowa ya zauna shiru awa guda, ya rubuta a kaye, littafinsa na rubutu, abin da idonsa ya gani kaɗai, ban da zato.

A wajenmu ba a shiga gidan mutum hannu sake, shi ya sa na kawo wa Malam Kiari tiyar gyaɗa. Kaɗan ta rage a aljihuna. Wata barewa mai ciki ta matso tana kallona, sai na ji kunya irin wadda nake ji in baƙo ya tarar da ni ina cin abinci. Na miƙa mata. Sai bayan ta haɗiye na tuna gyaɗar tana da gishiri.

Ƙarfe goma sha ɗaya Malam Kiari ya tsinci ɓawon gyaɗa. Ya ce, "Wane yaro ne?" Mushe ya karɓi kayen yara, ya tarar Hadiza, ƴar maƙwabcina, ta yage shafinta.

"Ina aikinki?"

"Ban ga komai ba, Mushe."

Ta ga komai, a gefena take zaune. Na ce, "Ƴata, fito da takardar." Ga abin da ta rubuta a ciki: "10:20, Baba ya miƙa hannu, barewa ta ci, sauran suka daina kiwo suka taru." Malam Kiari ya karanta sau biyu. Ya ce, "Yarinyar ta iya kallo. Kai kuma, Baba, sai na ga yadda cikin barewar ya ƙare kafin in yanke hukunci."

Komawa

Mun iso gida biyar da minti goma, yara cif, mun gode Allah. Har yau ba saƙo daga Malam Kiari, kuma ƴan aji ɗaya suna tambayata ranar tasu tafiyar. Don Allah, wanda ya san kiwon barewa ya sanar da ni ko gishiri kaɗan yana taɓa mai ciki. Wanda kuma ya bi ta gidan, ya leƙa mini ko ta haihu.