Ɓawon Hano Daga Dajin Dosara

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanya daga Sakkwato, ni da abokin aikina da direba. Shekara biyu ina binciken sinadaran da ke cikin ɓawon hano, itacen da ake wanke gyambo da shi. Duk wanda na saya a kasuwa na gwada a kan ƙwayoyin cuta, ko gezau. Sai aka ba ni labarin wata tsohuwa a Dosara da nata ke warkar da ciwon da ya ƙi ji. In ban samo nata ba, aikina ya tashi a banza.

Wajen Bakura shinkafa ta yi kore shar. A Talata Mafara muka tsaya shan kunu da ƙosai, ƙosan kuwa ya tsuke, sai ka haɗa uku a loma ɗaya. Mai suyar ta ji inda za mu, ta daina juya mai.

"Ku dawo kahin la'asar," ta ce.

Daga mararrabar Maradun hanya ta yi tsit. Gonaki ba kowa. Direbanmu mai surutun tsiya ya koma salati. Da muka hango babura uku sun ɓullo daga jeji, wallahi na ɗauka 'yan bindiga ne. Ashe manoma ne da buhunan gero.

Da muka isa Dosara, tsohuwar ta ja mu da doguwar gaisuwa, ni kuwa idona na kan agogo. Ta ce rabonta da dajin da itacen yake tun bara, sai jiya ta yi kasada ta shiga saboda mu. Ɗanyen ɓawo ne cike da ƙwarya. Na zaro ledojina masu zik, ina ji da kaina, na hau ɗurawa.

"Ɗiyata, hidda shi cikin ledar ga," ta ce. "Icce na son iska."

"Inna, haka muke yi a makaranta," na ce, ina liƙa lamba.

Sai ta ɗebi ɗan ragowar, ta ƙulle a tsumman zani, ta cusa min a jaka. Na karɓa don kunya kawai.

A dawowa mota ta lalace muna shiga Mafara. Kwana biyu muka yi a gareji, ledojin na bayan mota suna gumi cikin rana. Ina isa ɗakin bincike na buɗe su. Innalillahi! Duk sun yi baƙin fumfuna, wari ya cika ɗakin, ba sauran abin da za a tace. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai.

Ina laluben hankici hannuna ya taɓa ƙullin. Ɓawon ya bushe ƙayau, ƙamshinsa na nan. Bai fi cikin tafi ba, gwaji ɗaya zai yi. Na jiƙa, na tace, na ɗiga. Washegari ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ɗigon sun mutu.

Tafiyar nan ta koya min in rufe baki in mai abu na magana. Na aika a yi mata godiya, a roƙo min ƙari. Aka ce ta yi ƙaura zuwa wajen 'yarta a Mafara, dajin kuma yanzu ba mai shiga. Tsumman yana cikin aljihun teburina, ban wanke shi ba.