Ɗan Hayar Maman Joy

Mutane suna cewa layinmu na kasuwar Sabon Gari wari yake yi. To, ya yi! Shekara da shekaru ina zaune a cikinsa ina sayar da daddawa da kuka, ban mutu ba. Kuma in dai warin kirefish ne, na Maman Joy ne, maƙwabciyata ta hannun dama, wadda ba na yarda kowa ya taɓa.

Sunanta Agnes. Ni take kira Hajja, ni kuma Maman Joy nake ce mata. A wani ƙauye na bakin teku aka haife ta, can ƙasar Ribas. Tana yarinya ɗanya Nwabueze ya auro ta ya kawo ta Kano, lokacin yana gyaran keken ɗinki a wajen Bata. Hausar bakinta ta fi ta wasu 'yan Fagge, wallahi, amma in ta yi fushi yarensu ne yake fita.

Mu nan duk abin da ya zo a busashe, ja, mai gashin baki, kirefish muke ce masa. Ranar da na fara faɗin haka a gabanta kamar na zagi danginta.

“Haba Hajja! Ke gero da dawa ɗaya ne a wajenki?”

Ta zazzage buhu a faifai ta shiga ware mini. Ga 'yan ƙanana farare masu laushi, waɗanda mata suke kamawa a bakin ruwa. Ga jajaye manya masu ƙaho a goshi kamar zarto, su kuma sai maza sun shiga can ciki da kwalekwale. Ga ƙaguwar da ƙafafunta na baya suke da faɗi, iyo take yi. Ga ta cikin laka, wadda namijinta yake da hannu ɗaya ƙato, yana ta ɗaga wa mata shi kamar ɗan kamasho a tasha. Kowanne da sunansa a yarensu, da watan da yake fitowa, da irin ruwan da yake so. In tana wannan bayani fuskarta canjawa take yi. Sai ka ga mutum yana zaune kusa da kai amma ba ya nan.

Tun da na san ta take cewa bana za ta je gida. Da fari yara ne ƙanana. Da suka girma sai makaranta. Ana cikin haka Nwabueze ya yanke jiki ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma ciwo ya sa masa wata ɗabi'a: ba ya buɗe baki ya ci abinci sai daga hannun Agnes. 'Yarsu Joy ta gwada, matan cocinsu sun gwada, sai ya datse haƙora ya juya kai. Don haka kullum da rana tsaka Agnes za ta bar mini rumfarta, ta taka zuwa gida ta ba shi, ta dawo. Da yamma haka. Iyakarta ke nan a duniya, daga rumfa zuwa gida. Har mahaifiyarta ta rasu ba ta je ba, a waya aka nuna mata kabarin.

Bara da damina aka sauke mata buhun isam, wasu ƙananan dodon koɗi ne masu dogon kwanso, da ransu ake kawo su cikin laka. Tana wankewa sai na ji ta ƙwalla ƙara. Na ɗauka kunama ce.

“Hajja, zo ki gani! Zo!”

Kwanso ɗaya ne yake tafiya a bakin kwano. Ba jan ciki irin na dodon koɗi ba, tafiya da ƙafafu. Ta ɗauko shi a tafin hannu, sai ga wasu 'yan idanu a kan tsinke sun leƙo, suka koma.

Ta ce wannan dangin ƙaguwa ne, amma bayansa ba shi da ɓawo, laushi ne da shi. Shi ya sa yake neman kwanson da mai shi ya mutu ya shige, yana yawo da shi. In ya yi masa kaɗan ya nemi wani. Suna yara sukan tara su a bakin ruwa su sa su tsere. Rabon da ta ga mai rai tun kafin aurenta.

Na ce, “Ashe ɗan haya ne.”

Ta yi dariya har da hawaye. Sunan ya bi shi.

Daga ranar Maman Joy ta zama wata iri. Ta samo gwangwanin madara babba, ta zuba lakar da ta kankaro daga buhun. Ta jiƙa gishiri a ruwa tana ɗanɗanawa da harshe, ta ƙara, ta rage, wai tana neman ɗanɗanon ruwan garinsu. Mai saye na tsaye tana leƙen gwangwani. Na yi mata tsiya har na gaji. Amma ita ta san abin ba mai ɗorewa ba ne. Ta ce ruwan da ta haɗa kwaikwayo ne kawai, in bai koma teku ba mutuwa zai yi, ga shi har ya fara rage motsi.

Sai ta ce, “Ni zan kai shi.”

Na ɗauka wasa take. Ashe da gaske ne. Mace da ta kasa tafiya saboda kanta, ga shi za ta tafi saboda abin da bai kai ɗan yatsa ba. Ni dai daɗi na ji, ko saboda ƙuda ne ta je. Ta yi magana da Malam Tanimu, direban da yake kai albasa Aba ya dawo mata da kaya, ya ce kujerar gaba tata ce. Daga Aba ƙanwarta Monica, wadda take yi mata lodi, za ta wuce da ita gida. Joy ta ɗauki hutu a wajen aiki. Aka shiga koya wa Nwabueze cin abinci a hannun 'yarsa, Agnes na tsaye a gefe. Har ya fara karɓa. Ta ɗinka sabuwar atamfa, ta sayi kilishi na tsaraba, ni ma na ƙulla mata daddawa.

Ana gobe tafiya suka ce bari a gwada ba ta nan. Ta zauna a rumfa ba ta je da rana ba. La'asar ta wuce sai ga Joy, ido ya yi ja. Wai babanta ya ƙi abinci, ya ƙi ruwa, ya ƙi magani. Ƙofa kawai yake kallo.

Na fusata. Na ce, “Yunwa za ta sa ya ci! Ki tafi, Maman Joy. Don Allah ki tafi!”

Ta ce, “In bai ci ba fa, Hajja? Ina can ina kallon ruwa?”

Ta ɗaura ɗankwali ta bi Joy.

Da safe ta je wajen lodi, ba jaka, sai gwangwani da ta huhhuda murfinsa. Ta damƙa wa Malam Tanimu, ta ce ya ajiye a inuwa ya ba Monica hannu da hannu. Ya ce an gama.

Bayan 'yan kwanaki Monica ta bugo waya. Ta yi lodi, amma direba bai ba ta komai ba, ya ce sai ya dawo zai yi wa Madam bayani da kansa. Agnes ta ajiye wayar. Ta dai riƙa kallon bakin layi.

Ranar da Malam Tanimu ya iso, yana murmushi ya shigo, kamar wanda ya zo da albishir.

“Madam, na yi miki abin da ya fi. Muna isa Lakwaja na leƙa, na ga abin nan ya galabaita, tausayi ya kama ni. Na ce ina dalilin wahalar da shi har Aba, ga ruwa iya ganinka? Na tsaya, na gangara da kaina na sake shi. Ruwa mai kyau, garai-garai, har na yi alwala. Ai yanzu yana can cikin 'yan'uwansa.”

Bawan Allah, da zuciya ɗaya ya yi. Bai taɓa wuce Aba ba, a wajensa duk babban ruwa teku ne. Ni ma har na buɗe baki zan sa masa albarka, sai na ga fuskar Agnes.

Ta ce, “Na gode, Malam Tanimu. Allah ya saka.”

Ya miƙa mata gwangwanin, har ya wanke mata shi tas. Da ya tafi ta zauna ta jawo faifai, ta ci gaba da ware farare daga jajaye. Ta daɗe tana yi.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ruwan Lakwaja ba gishiri, Hajja. Ba zai kai yamma ba a ciki.”

Wallahi sai a lokacin na gane abin da na gani a fuskarta.

Ta dubi rana, ta kakkaɓe zaninta, ta tura gwangwanin ƙarƙashin tebur.

“Duba mini rumfa. Lokacin abincinsa ya yi.”