Garmahon Likita

Akawu ake ce masa har yau, ko da yake ya daɗe da ritaya. Duk aikin da ya yi a ofis bai wuce ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya riƙe ma'aikatar. Mutum ne mai son jingina da manya. In babba ya yi atishawa kusa da shi, sai unguwa ta ji.

Da manyan suka ƙare masa, sai ya koma bin kayansu. A shagon wani ɗan gwanjo ya ga rediyo mai haɗe da garmaho, irin dogon nan mai ƙafa huɗu kamar akwatin gawa. Ɗan gwanjon ya ce wani alƙali ne ya fara sayensa, ya bar wa surukinsa likita, iyalan likitan kuma suka fitar da shi bayan rasuwarsa. Abin nema ya samu. Akawu ya ɗora shi a kura, yana biye da shi a ƙafa yana wa mai turawa tsawa.

Mai gyara ya sa sabuwar allura, ya ɗinke lasifikar da ɓera ya ci, faifai ya juya. Katakon kuwa Akawu ya ce ba mai taɓa masa. Saman duk tabo ne, ga ƙuna, ga karce, ga kusurwa a ɓantare. Kayan manya da ƙazanta? Ya sayo samfefa ya dirje shi tas, ya cike ɓantaren, ya shafe shi da mai har yana ganin fuskarsa a ciki, fuskar da ba wanda ya roƙe shi ya gani.

Abu ɗaya ya hana shi barci. Tsofaffin da yake zama da su ƙofar shagon tela ba su yarda ba, musamman Hedimasta.

"Kai dai an sayar maka da kabad mai waƙa," in ji shi. "Wane likita?"

Akawu ya yi ta cigiya har ya gano 'yar likitan, dattijuwa mai sanda. Ya gayyace ta, ya tara tsofaffin a falo, ya sa babbar rigarsa.

Ta zaga rediyon a hankali. Ta shafa samansa, ta sake shafawa, ta sunkuya ta duba kusurwa.

"Malam, wannan ba namu ba ne."

"Haba Hajiya, duba da kyau!"

"Na duba. Namu akwai ƙunar dutsen guga a kai. Ni na ajiye shi ina yarinya, na sha duka a kansa. Kusurwar kuma goshin ƙanena ne ya ɓantare ta, Allah ya jiƙansa. Su na zo gani."

"Ai ni na goge su, wallahi! Da hannuna!"

Ta dube shi sama da ƙasa.

"To me zan shaida? Ƙyalli?"

Ta ɗauki sandarta ta fita. Hedimasta bai ma yi dariya ba, ya dai ce a kunna musu kabad ɗin su ji, tunda sun zo. Garin neman gira Akawu ya rasa ido, kuma ba wanda ya tausaya masa.

Wani zai ji kunya ya haƙura. Akawu kuwa, baƙi na watsewa ya ce wa matarsa ta kawo dutsen guga. Ya jona shi ya yi zafi, ya ɗaga shi bisa katakon da ya sha wahalar gogewa. Can ya tsaya, hannu a sama.

"Ke, ƙunar nan a dama take ko a hagu?"

"Kai da ka goge ta ba ka sani ba, sai ni?"

Bai sani ba. Bai taɓa kallonta ba sai don ya kawar da ita.