Na Faɗa wa Taubashina, Ban Faɗa wa Kawu Ba

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar a tsakiyar damina kawuna ya yi sallama a gidanmu da ke Karaye, ya ce a kawo masa mukullin motar yayana. Na riƙe lokacin ne domin ina zaune a bakin ƙofa ina bitar karatu, agogo na gabana. A lokacin ina aji biyu a jami'a, na zo hutu. Ni ba mai yawan magana ba ce. Ko a aji, idan na san amsa sai in yi shiru in jira wani ya faɗa. Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, kuma wannan kawun nawa, yayan Umma, shi ya tsaya a kan karatuna sa'ad da wasu dangi ke cewa sakandare ta ishe ni. Don haka ban taɓa iya haɗa ido da shi ba, balle in ce masa a'a. Na rubuto muku ne, Edita, domin na san akwai irina da yawa cikin masu karanta wannan shafi.

Yayana yana aiki ne a kan teku, inda yakan yi makonni ba a samunsa a waya. Ba shi da abin so kamar motarsa, wata ja mai ƙofa biyu, gajeriya har cikinta na neman taɓa ƙasa. Tsohuwa ya saye ta, ya yi shekaru yana gyara ta da kaɗan-kaɗan don shiga tseren motoci. Ya cire kujerun baya da na'urar sanyi don ya rage mata nauyi, ya canza birki da salansar hayaƙi, ya sa aka yi waldar wasu bututun ƙarfe a cikinta suka zagaye mazaunin direba kamar keji. Bel ɗin kujerar ma daban yake: igiyoyi ne ke saukowa ta kafaɗu biyu su haɗu a kan cibiya, a kulle su da wani maɓalli da ake murɗawa. Umma takan ce ai ga surukarta nan, tunda ya ƙi kawo mata ta mutane.

A ƙarshen rani ya zo gida kai tsaye daga wani filin tsere, sai aka kira shi wurin aiki da gaggawa. Ya bar motar a rumfar gidanmu ya lulluɓe ta da tamfol, ya damƙa mini mukullin, ya ce duk gidan ni kaɗai ce idan aka ce in yi abu sau biyu ba zan yi sau ɗaya ba. Ya nuna mini yadda zan riƙa tayar da injin ya yi ɗumi, yadda zan duba baƙin mai, da wani jan maɓalli a gindin gilashin gaba wanda ke yanke wutar motar gaba ɗaya. Sannan ya durƙusa ya ɗora hannuna a kan taya. Faffaɗa ce, sumul, zanen jikinta kaɗan ne. Ya ce waɗannan na filin tsere ne, a busasshiyar kwalta suna kamawa kamar ƙaro, amma idan ruwa ya kwanta a hanya ba su da inda za su kore shi, sai motar ta hau kan ruwan ta daina jin sitiyari. Na hanya kuwa suna cikin sito a jere, bai samu sukunin mayar da su ba. Ya ce kada in bar kowa ya fita da ita a haka. Na ce to.

Ranar da kawu ya zo, ranar kai amaryar 'yarsa ce zuwa Rogo. Dangin ango sun zo da motoci masu kyau, shi kuma yana so a ga cewa mu ma ba a baya muke ba, jar motar ta ja gaban ayari. Da Umma ta nuna ɗari-ɗari, sai kawu ya ce mata ashe akwai abin da ɗansa zai mallaka a ce sai ya nemi izini? Ta juyo ta ce in ɗauko. Na ɗauko, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Har ya gwada shiga da babbar rigarsa, gwiwoyinsa suka ƙi lanƙwasuwa, hularsa ta faɗi, ya fito yana dariya yana cewa wannan ba mota ba ce, akurki ne. Kowa ya yi dariya. A daidai nan ya kamata in yi magana, yana cikin raha, daga mu sai mu. Ban yi ba. Na ce a raina zan faɗa wa wanda zai tuƙa.

Wanda zai tuƙa kuwa babban ɗan kawu ne, wato taubashina. Duk duniya shi kaɗai nake sakin baki da shi, domin tun muna yara tsakaninmu sai tsokana, kamar yadda aka sani tsakanin ɗan namiji da 'yar mace. Na same shi yana goge motar, na ce masa tayoyin nan ba sa shiga ruwa, ya kira mai faci a mayar da na cikin sito kafin la'asar. Ya dube ni ya kece da dariya, ya ce yau kuma wace ƙarya Malama Farfesa ta dafo? Ya ce bai manta gishirin da na zuba masa a shayi da Sallah ba, da ranar da na ce masa ana kiransa a Kafin Dafga ya tafi a banza. Na ce wallahi ba wasa nake ba. Ya ce ai ranar ma wallahi na ce. Ya buga tayar da ƙafa, ya ce ga taya kamar bakin turmi, in ce wai tana tsoron ruwa sai ka ce akuya? Baƙin ciki nake kawai don ɗan namiji zai hau abin 'ya'yan mace, alhali mu da kayanmu duk nasa ne. Da na ga ba zai ji ba, na ce to aƙalla ya bari in nuna masa yadda ake ɗaure bel. Ya zauna yana hura hanci, ya ce haka ya kamata, hadima ta shirya maigidanta. Na ja igiyoyin na tamke su har sai da ya ce zan kashe shi tun kafin ya ga Rogo.

Bayan azahar na je gidan kawu a Unguwar Hajji da niyyar faɗa masa. Na tarar da shi a ƙofar gida a kan tabarma, ga dattawan unguwa, ga waliyyan ango. Na cire takalmi na durƙusa daga nesa na gaishe su. Ya ce lafiya dai, 'yar boko? Idanu suka juyo kaina. Yaya zan ce wa kawuna a gaban surukansa motar da yake alfahari da ita tana da matsala? Na ce lafiya lau, gaisuwa na zo. Ya sa mini albarka. Da na tashi na ɗaga kai na ga sama fes, babu ko ɗigon hadari, na ce wa zuciyata ai ba za a yi ruwa ba.

Bayan la'asar aka tashi. Ina cikin bas ɗin mata, kusa da taga, jar motar na gabanmu tana ruri, yara na binta da gudu har bakin gari. Abokin ango da ya shiga tare da taubashina bai jima ba ya fita ya koma wata motar, wai zafi da ƙara sun ishe shi, kuma wannan na cikin abubuwan da nake gode wa Allah a kai har yau. Mun yi nisa, gonakin masara dama da hagu, sai gabas ta yi baƙi. Mata suna ta guɗa suna cewa amarya mai goshi ta zo da ruwa. Ni kuwa na kira wayar taubashina, ba ya jin ta saboda ƙarar injin. Ruwa ya sauko da ƙarfi. A wata kwana inda ruwan gona ke tsallaka kwalta, na ga bayan motar ya karkace a hankali kamar an ja shi da igiya, ta juya ta fuskance mu, ta sake juyawa, ta faɗa kwalbati ta wuntsila cikin masara, tayoyinta a sama.

Ban san lokacin da na fita daga bas ba. Na tsinci kaina ina gudu a cikin taɓo babu takalmi, mata na salati a bayana. Maza sun riga ni isa. Taubashina yana rataye kansa a ƙasa, igiyoyin sun riƙe shi, ana ta finciko shi ta taga ya ƙi fitowa, wani na cewa a kawo wuƙa, ga warin fetur. Ni da ban taɓa ɗaga wa namiji murya ba, na ji ina ihu ina cewa su matsa. Na laluba gindin gilashi na murɗa jan maɓallin, wuta ta yanke. Na ce mutum biyu su tallafe kafaɗunsa tukuna, domin idan na saki bel ɗin da ka zai faɗo. Suka bi maganata ba musu. Na zura hannu na murɗa, igiyoyin suka saki, aka zaro shi. Rufin motar ya lotse ta ko'ina, amma bututun ƙarfen nan sun hana shi taɓa kansa. Aka kwantar da shi a kan ciyawa, ruwa na dukan fuskarsa, idonsa a rufe. Na durƙusa ina kiran sunansa. Can ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya ce ashe yau Farfesa ba ƙarya ta dafo ba.

Na zauna a cikin taɓon ina kuka ina dariya. Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina irin na wannan lokacin ba. A asibiti aka ce ƙashin kafaɗarsa ne ya karye, sai ƙujewa a goshi, kuma da bai ɗaure bel ɗin ba da labarin ya canza. Amarya ta shiga ɗakinta a makare da jajayen idanu, amma ta shiga, kuma gidan da aka shirya don biki bai koma gidan makoki ba.

Sai dai akwai tambayar da ta hana ni sakat: da na faɗa wa kawu, zai ji? Na tambayi Umma, ta ce ƙaddara ce, in bar maganar. Taubashina ya ce shi ne ya taka totur a kwana don 'yan matan bas su gani, in daina ƙoƙarin ƙwace masa laifinsa kamar yadda na saba ƙwace masa nama. Yayana da ya dawo ya daɗe a tsaye gaban motar. Ya shafa bututun ƙarfen, ya ce sun yi aikin da aka sa su. Ya yi fushi da ni na 'yan kwanaki, daga baya ya kira ni in riƙe masa sifana, yanzu haka tare muke tayar da ita idan ya zo hutu. Amma da na yi masa tambayar sai ya ce ba shi ne mai amsar ba.

Abin da nake so 'yan'uwana su ɗauka shi ne, idan ka san wani abu da zai iya cin rai, ka kai shi wurin mai ikon hanawa, ba wurin wanda ya fi maka sauƙin magana ba. Ni na zaɓi taubashina ne domin ba na jin nauyinsa, kuma dalilin da ya sa ba na jin nauyinsa shi ne dalilin da ya sa bai ɗauki maganata da nauyi ba. Masu irin waɗannan motoci kuma, ku sani abin da aka shirya don filin tsere ba na hanyar ƙauye ba ne. Kada ku bar ta a gida da kayan tsere a jikinta, domin ranar biki babu wanda zai tuna gargaɗinku sai wanda ba zai iya faɗa ba.

Sai bayan kaka na samu ƙarfin zuwa wurin kawu. Na same shi shi kaɗai a zaure yana gyara carbinsa da ya tsinke. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga tayoyin cikin sito har zuwa gaisuwar da na yi masa a gaban dattawa alhali ba ita ta kawo ni ba. Na ce, Kawu, da na faɗa maka a ranar, za ka ji? Ya ajiye carbin. Sannan ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, da zai ji haushi, wataƙila ma ya yi mini tsawa a gaban mutane. Amma da zai tashi ya je ya duba tayar da kansa, ya kira mai faci, domin bai taɓa jin na faɗi abin da ban tabbatar ba. Ya ce bai kai ni makaranta don in iya durƙuso ba, wannan na iya shi tun a gida. Ya kai ni ne don ranar da zai yi kuskure a samu wanda zai ce masa, Kawu, tsaya.